Ana Kukan Targaɗe Sai Ga Karaya: Yadda Ake Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Jama'a Idan Masifu Suka Haɗu

Da yammacin ranar 4 ga Agusta, 2020, wani rumbun ajiya da ke tashar jiragen ruwa ta Beirut, babban birnin Labanon, ya yi bindiga, ya hallaka mutane fiye da 200, ya raunata dubbai, ya kuma ragargaza gidaje da asibitoci. Mutanen da gilasai suka yayyanka a ranar su ne dai waɗanda bankuna suka hana cirar ajiyarsu tun ƙarshen 2019, su ne waɗanda darajar kuɗin ƙasarsu ke zagwanyewa a hannunsu, su ne kuma annobar korona ta kulle a gida watanni kaɗan kafin nan, a ƙasar da a lokacin gwamnatinta ke ƙiyasta tana ɗauke da 'yan gudun hijirar Siriya kimanin miliyan 1.5. Bayan shekara biyu da rabi, a ranar 6 ga Fabrairu, 2023, girgizar ƙasa ta kashe mutane sama da 50,000 a Turkiyya da Siriya. Ta tarar da mutanen arewacin Siriya cikin tsananin sanyi, sun kusa cika shekara 12 cikin yaƙi, ga kwalara da ta ɓulla a ƙasar tun watan Satumban 2022. Irin wannan hali ne ake nufi idan aka ce ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Yawancin tsare-tsaren agaji an gina su ne bisa zaton cewa masifa tana da farko tana da ƙarshe: ta afku, a yi ceto, a binne mamata, a ba masu rai mafaka, daga nan a shiga lokacin farfaɗowa. Zuciyar ɗan Adam ma haka take aiki. Idan haɗari ya taso, bugun zuciya yakan ƙaru, barci ya ƙaurace, hankali ya tattaru wuri guda, kuma duk wannan shiri ne na tsira wanda jiki ke saukewa da zarar haɗarin ya wuce. Idan masifu suka jeru ba tazara, jikin ba ya samun damar sauke wannan shiri, sai mutum ya yi watanni yana kwana da kunne ɗaya a buɗe, ƙaramin abu ya fusata shi, ya kasa tsayar da tunani kan aikin da ya saba yi ido rufe.

Sai dai abin da ya fi damuna a wannan lamari, wanda kuma nake ganin shi ne jigonsa, shi ne yadda kowace masifa ke cinye maganin 'yar'uwarta. Wanda aka yi wa rasuwa yana samun sauƙi ne idan jama'a suka taru a kansa, sai annoba ta zo ta hana taruwa. Wanda ambaliya ta ci gidansa yakan fake wurin dangi, sai a tarar yaƙi ya riga ya tarwatsa dangin. Maƙwabcin da ya saba ba da rance tsadar rayuwa ta mayar da shi mai neman rance. Haka abin yake ga ma'aikatan lafiya: a watan Satumban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwararrun likitocin Labanon da kusan kashi 30 na ma'aikatan jinya sun bar ƙasar, wasu na ɗan lokaci, wasu dungurungum. A masifa guda akwai wanda abin ya shafa, akwai kuma na gefe da zai kama hannunsa. Idan masifu suka haɗu, na gefen ne ake fara rasawa, domin malamin makaranta da ungozoma da shugaban addini da mai unguwa duk suna cikin ruwan da ake so su tsamo wasu daga cikinsa. Saboda haka duk wani tallafi da bai fara da tambayar halin da waɗannan masu riƙe jama'a suke ciki ba, ya tsallake tushen matsalar.

Akwai alƙaluman da ya kamata a karanta da natsuwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa a yankunan da suka yi fama da rikici cikin shekaru goma da suka gabata, kashi 22 cikin 100 na mutane, wato kimanin mutum ɗaya cikin biyar, suna da ɗaya daga cikin larurorin ƙwaƙwalwa, kamar ciwon tsananin damuwa, ko ciwon fargaba, ko firgicin da ke biyo bayan mummunan abin da mutum ya gani, ko taɓin hankali mai tsanani. Kimanin kashi 9 cikin 100 larurarsu matsakaiciya ce ko mai tsanani. A 2022 kuma hukumar ta ce a shekarar farko ta korona ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Adadin yana da ban tsoro, amma yana ɗauke da wani labari na biyu da ba a cika faɗa ba: ko a tsakiyar yaƙi, mutum huɗu cikin biyar ba su da ciwon da likita zai sa wa suna. Suna kuka, suna razana, suna rasa barci, kuma hakan shi ne abin da mai lafiya ke yi idan ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Idan aka ɗauki kowane mai baƙin ciki a matsayin majinyaci, an yi kuskure biyu a lokaci guda, domin an nuna wa mutane cewa juriyarsu ba komai ba ce, an kuma ɓarnatar da ɗan abin da ake da shi har ya kasa isa ga waɗanda suke da ciwon na gaske.

To me ke sa wani ya farfaɗo wani kuma ya durƙushe? An daɗe ana ɗora alhakin komai a kan abin firgicin da mutum ya gani da idonsa. A 2010 masu bincike biyu, Kenneth Miller da Andrew Rasmussen, suka jawo hankali kan cewa a wuraren da aka yi yaƙi, wahalhalun yau da kullum, irin su rashin abin yi, da cunkoson matsuguni, da rikicin cikin gida, da kaɗaici, suna da kaso mai yawa a damuwar da mutane ke ciki, har wani lokaci nauyinsu ya yi daidai da na abin da aka gani a fagen daga. Uwar da ba ta san abin da 'ya'yanta za su ci gobe ba, ko an zaunar da ita an yi mata nasiha mai daɗi, za ta tashi ne da tambayar da ta zauna da ita. Wani bincike da aka buga a 2016 kan iyalai matalauta a yammacin Kenya ya nuna cewa ba su kuɗi kai tsaye ba tare da sharaɗi ba ya rage musu damuwa ya kuma ƙara musu kwanciyar hankali, alhali babu wanda ya yi musu wata jinyar ƙwaƙwalwa.

Wannan fahimta ce ke ƙarƙashin ƙa'idojin da kwamitin haɗin gwiwar hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin jinƙai ya fitar a 2007, waɗanda har yau su ne madogara a wannan fanni. An kwatanta aikin da dala mai hawa huɗu. Hawan ƙasa, wanda ya fi faɗi, shi ne tsaro da biyan buƙatun rayuwa cikin mutunci. Na biyu shi ne ƙarfafa iyali da al'umma. Na uku taimako ne na musamman daga mutanen da aka horar amma ba likitoci ba, na huɗu kuma, can a ƙoli, aikin ƙwararru ne ga 'yan kaɗan ɗin da ciwonsu ya yi tsanani.

Hawan ƙasan nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ake yawan yin ɓarna ba da niyya ba. Yadda ake raba agaji na iya zama magani, yana kuma iya zama sabon rauni. Dattijon da ya rayu yana ciyar da gidansa, idan aka bar shi tsaye cikin rana tun safe yana turereniya ana yi masa tsawa, zai koma da kayan agajin a hannu da wulaƙanci a zuciya. Makewayin da ba shi da fitila ko sakata yana sa mata da 'yan mata kwana cikin tsoro. Rashin sahihin bayani kan ranar rabo, ko inda aka kai waɗanda suka ji rauni, ko lokacin da za a buɗe hanya, yana buɗe ƙofar jita-jita, kuma a lokacin tashin hankali jita-jita tana cin rai kamar yadda yunwa ke ci. Akwai kuma batun shawara da mutanen da abin ya shafa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutumin da aka tambayi ra'ayinsa kan inda za a haƙa rijiya ko yadda za a tsara layi yana dawo da wani abu da masifa ta ƙwace masa, wato jin cewa har yanzu maganarsa tana da tasiri.

Darasin da aka koya a lokacin cutar Ebola a Afirka ta Yamma tsakanin 2014 da 2016, wadda ta kashe mutane sama da 11,000, ya nuna muhimmancin hawa na biyu. Da farko ma'aikata sanye da kayan kariya ne ke ɗauke gawa su binne ba tare da iyalai sun gani ba, sai mutane suka fara ɓoye marasa lafiya da mamatansu, cutar kuma ta ci gaba da yaɗuwa. Da aka sauya tsari aka shigo da shugabannin addini, aka bar dangi su tsaya daga nesa su yi addu'a su ga inda aka sa ɗan'uwansu, sai haɗin kai ya ƙaru. Haka nan aikin gano dangin da suka ɓace, wanda ƙungiyar agaji ta Red Cross ta daɗe tana yi, da sake buɗe makaranta ko da a cikin tanti ne, duk aikin lafiyar ƙwaƙwalwa ne, ko da yake ba likita a ciki. Yaro ya fi karanta girman haɗari a fuskar wanda ke riƙonsa, shi ya sa tallafa wa uwa ko kaka da ke kula da shi yakan fi tasiri a kan tara yara a yi musu wasa na yini ɗaya a watse.

Akwai abin da aka taɓa ɗauka taimako ne, daga baya aka gane akasin haka. An yi zamanin da ake tara waɗanda suka tsira cikin kwanakin farko a sa kowa ya bayyana dalla-dalla abin da ya gani da yadda ya ji, bisa zaton cewa amayar da abin zai hana shi zama ciwo. Bincike ya nuna wannan zama na sau ɗaya ba ya hana ciwon, wasu ma yana jinkirta musu warkewa, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina. A madadinsa, a 2011 ta fitar da jagorar taimakon farko ga zuciya tare da wasu ƙungiyoyi biyu, wadda ta tsaya kan dubawa da saurare da haɗa mutum da abin da yake buƙata. Ba a tilasta wa kowa magana, ba a yi masa alƙawarin da ba za a cika ba, ba a kuma yaɗa sirrinsa. A 2013 hukumar ta ƙara gargaɗin kada a ba manya magungunan kwantar da hankali dangin diazepam don rage firgici ko rashin barci a watan farko bayan mummunan abu, saboda babu shaidar amfaninsu a wannan hali, ga kuma haɗarin jiki ya saba da su.

Ga waɗanda damuwarsu ta ƙi lafawa bayan makonni, tambayar ita ce wa zai kula da su. Alƙaluman hukumar na 2020 sun nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai 2 ga kowane mutum 100,000 ba, yayin da a ƙasashe masu arziki suka haura 60. Jiran likitan ƙwaƙwalwa a irin wannan hali daidai yake da barin mutane ba kulawa. A birnin Harare na Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara wani shiri a 2006 inda aka horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa su zauna da mai damuwa a kan benci a harabar asibiti, su taimaka masa ya rarrabe matsalolinsa ya zaɓi guda ya nemi mafitarta. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016 ya nuna waɗanda suka bi ta wannan benci sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Wani abin lura shi ne matan ba sa amfani da sunayen cututtuka na asibiti, suna magana ne da kalmar harshen Shona da mutane suka sani, wadda ma'anarta ita ce yawan tunani. Mutane da yawa a duniya ba sa zuwa su ce suna da ciwon damuwa; sukan ce kansu na ciwo, ko ƙirjinsu ya yi nauyi, ko jikinsu ya mutu, kuma ma'aikacin da bai san wannan ba zai yi ta ba da maganin ciwon kai ba tare da ya tambayi abin da ke hana mutum barci ba. An gwada wani tsari na zama biyar, makamancin na bencin nan, a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, an kuma gwada wani na rukuni, da ake saurare ta na'ura, a kan mata 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu kusan 700 a arewacin Yuganda, duk aka ga raguwar damuwa.

Amma a nan dole in yi togaciya, domin nasarar waɗannan tsare-tsare ta sa wasu suna ɗaukar su a matsayin hanyar arha ta sauke nauyi. Duk inda suka yi aiki, akwai mai sa ido da ke zama da masu taimakon a kai a kai, akwai kuma wurin da za a tura wanda ya ambaci kashe kansa ko wanda ciwonsa ya fi ƙarfin benci. Idan aka horar da mace na kwana biyar, aka tura ta ta saurari labarin fyaɗe da kisa kullum, ba albashi, ba wanda zai saurare ta, alhali ita ma gidanta ya rushe, an ƙara mutum ɗaya ne a jerin masu buƙatar jinya. Hutu da biyan haƙƙi a kan kari da samun abokin tattaunawa ga ma'aikatan jinya da malamai da 'yan sa-kai suna cikin ainihin aikin, kuma a ganina su ya kamata a fara warewa kuɗi.

Shugabannin addini suna da matsayi na musamman, domin wurinsu mutane da dama ke fara zuwa, kuma imani da addu'a da haƙuri suna riƙe zukata a inda babu abin da ya rage. Abin da ake buƙata shi ne kada kalmar haƙuri ta zama murfin da ke rufe bakin mai ciwo, kada kuma a fassara ciwon damuwa da raunin imani. Malamin da ya san alamomin da ke nuna mutum na cikin haɗari, ya yi masa addu'a ya kuma raka shi asibiti, ya yi aikin da likita shi kaɗai ba zai iya ba, domin ya cire wa iyalin kunyar zuwa.

Waɗanda aka fi mantawa da su su ne masu ciwo mai tsanani tun kafin masifar. Mai taɓin hankali ko mai farfaɗiya da ke zaune lafiya bisa magani, idan hanya ta yanke ko asibiti ya rufe, cikin makonni ciwonsa kan dawo, kuma iyalin da ke gudun tsira ba su da yadda za su yi da shi. A nan ne ake ganin ɗaure mutane da mari. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta sami shaidar wannan ɗabi'a a ƙasashe 60. A shekarar ce kuma wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 130 ya gano korona ta kawo cikas ga muhimman ayyukan lafiyar ƙwaƙwalwa a kashi 93 cikin 100 na ƙasashen. Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne: a sa magungunan ƙwaƙwalwa cikin kayan gaggawa, a san sunayen majinyata da inda suka koma, a kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da jagorar da hukumar ta fitar tare da hukumar 'yan gudun hijira a 2015.

Waya ma tana da nata kason. Bayan harin bam na gasar gudu a birnin Boston na Amurka a 2013, masu bincike sun gano cewa waɗanda suka riƙa bin labarin awa shida ko fiye a kullum sun fi nuna alamun firgici a kan wasu da suke wurin da abin ya faru. Mai tura hoton gawa yana zaton faɗakarwa yake yi, alhali yana shigar da masifar ɗakin wanda take nesa da shi.

Daga ƙarshe komai yana komawa ga kuɗi da lokaci. A matsakaici gwamnatoci suna ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa kimanin kashi 2 ne kacal cikin 100 na kasafin lafiya, kuɗin agaji kuma yakan zo na wata shida ko shekara, ya bi kyamarori zuwa sabuwar masifa, ya bar majinyaci a tsakiyar jinya. Siri Lanka ta nuna ana iya yin dabam. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamba, 2004, ta kashe mutane sama da 30,000 a ƙasar tana tsaka da yaƙin basasa, sai aka yi amfani da hankalin duniya da ya karkato wajen kafa manufar ƙasa kan lafiyar ƙwaƙwalwa a 2005, kuma wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 ya nuna wannan hidima ta bazu zuwa yawancin gundumomin ƙasar. A watan Mayun 2024 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su shirya wannan aiki tun kafin masifa ta zo, su ci gaba da shi a lokacinta da bayanta.

Labanon kanta ta kafa shirin ƙasa na lafiyar ƙwaƙwalwa a 2014 saboda kwararar 'yan gudun hijira, don haka fashewar 2020 ta tarar da ma'aikatan da aka riga aka horar a ƙananan asibitoci. A tsakiyar waɗannan masifu ne aka gwada wani tsari na darasi biyar ta wayar hannu, inda wani da aka horar, wanda ba likita ba, yake tuntuɓar mai damuwa na kimanin minti 15 kowane mako. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ciwon damuwa ya ragu a tsakanin 'yan ƙasar da kuma 'yan gudun hijirar Siriya da suka bi tsarin, a daidai lokacin da likitocin ƙasar ke haɗa kayansu suna ficewa.